Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kunkurun da Yaya ya aiko

A makon jiya na tsaya a inda na baro Kano na dawo gida Damagaram da akwatin kayan aiki, bayan shekara shida ina koyon aikin wuta a hannun maigidana. Na yi alkawarin ba ku labarin yadda na so in mai da gidanmu na Birni irin gidajen da nake gani a salula, waɗanda ake kunna fitila ana kashewa daga nesa. To ga shi nan.

Ba gayu ne ya fara kai ni ga harkar ba, ruwa ne. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, kuma a layinmu pampo ya fi zuwa da tsakar dare, ba ƙarfi, kamar mai jin kunya. Muna da basan a ƙasa da ruwan ke taruwa a ciki, da tanki a bisa, da ɗan inji mai tura ruwa daga wannan zuwa wancan. Maiɗakina ce ke gadin injin. Ta kwanta da kunne ɗaya a buɗe, in ta ji tsiyaya ta tashi ta kunna, ta zauna gyangyaɗi har tanki ya yi ambaliya ta kashe. Ranar da barci ya sace ta, washegari sai 'yan ga-ruwa.

Na ce mata wannan wahala ta ƙare. Na zo da wani ɗan makunni mai wifi, farin akwati da bai kai tafin hannu ba, na haɗa shi da injin, na sa masa lokaci a manhaja: ƙarfe 3 na dare ya kunna, ƙarfe 4 ya kashe. Kwana tara abin yana tafiya, ina ta yawo da salula ina nuna wa abokai a majalisar shayi. A dare na goma ruwa bai zo ba. Makunni bai san da wannan zance ba, shi dai an ce masa ƙarfe 3. Inji ya yi awa guda yana juyi a bushe. Da asuba ƙaurin roba ya tashe mu.

Inna ba ta ce komai ba sai da muka idar da salla. Ta dubi injin, ta dube ni, ta ce, "Kai kam, ilimin Kanon ke nan?"

Ba laifin makunnin ba ne, nawa ne. Agogo na ba shi, alhali ido aikin yake buƙata. Maganin kuwa tsohon abu ne da masu aikin pampo suka sani tun ban san hannuna na dama ba: flotar. Wata 'yar roba ce mai shawagi a bisa ruwa, da makunni a cikinta, in ta miƙe ko ta sunkuya sai ta haɗa wuta ko ta yanke. Biyu na sa. Ta basan tana hana inji tashi in babu ruwa, ta tanki tana tsayar da shi in ya cika. Ba ta neman rezo, ba ta cin forfe, ba ruwanta da manhaja. Tun ranar maiɗakina take barcinta.

Makunnin wifi ɗin ban jefar ba, amma na rage masa girma. Irin waɗannan ƙananan, kamar Sonoff da ake sarrafawa da eWeLink ko na Tuya masu amfani da Smart Life, yawanci amfiya 10 aka rubuta a jikinsu. A wutarmu ta volt 220 wannan wat 2,200 ke nan, sai mutum ya ɗauka zai ja inji cikin sauƙi. Amma lissafin fitila da na inji ba ɗaya ba ne. Inji in zai tashi yakan fizgi wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita, kuma wannan fizgar ce ke narkar da bakin makunni har ya manne ya ƙi kashewa. Don haka sai na sa kontaktar a tsakani, wato wani makunni mai ƙarfi da aka yi don ɗaukar nauyin inji: makunni ya taɓa kontaktar, kontaktar ya ɗauki nauyin. Haka nake yi wa duk wanda ya kira ni a kan injin ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki.

Tunda muna kan makunni, bari in faɗi abin da nake fama da mutane a kansa kullum. Mutum zai sayo na bango mai gilashi, mai kyau, ya kira ni. In buɗe ramin makunninsa in tarar da waya biyu kacal, faz, wato wayar da ke kawo wuta, da mai tafiya ga ampul. Notir, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, babu, don masu ja mana waya a gidaje ba su saba kai shi can ba. Shi kuwa makunnin zamani dole ya ci 'yar wuta dare da rana don ya riƙe wifi, saboda haka yawancinsu sai da notir. Akwai waɗanda aka yi don gidan da ba shi, amma da ƙananan ampul na LED sukan sa fitila ƙyaftawa ko bayan an kashe, sai an liƙa wani ɗan kayan wuta da ake kira kondansatar a wurin ampul ɗin. Kafin ka fitar da ko dala, kashe kontar, a buɗe a duba. Sannan wifin gida akwai mai lamba 2.4 da mai lamba 5, kuma kusan dukkansu mai 2.4 suke ji, ba sa jin mai 5. Sau nawa aka ce mini kaya ya lalace, ashe wannan ne kawai.

Watan Agustan 2023 ya ƙara koya mini karatu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Mu da layinmu ta Katsina yake shigowa mun ji a jikinmu. Wuta ta zo, wuta ta tafi, ba lissafi. A nan na gane amfanin wani wuri a manhaja da ban taɓa kulawa da shi ba, inda ake gaya wa makunni halin da zai tashi a ciki in wuta ta dawo: a kunne, a kashe, ko yadda aka bar shi. Na ɗakin Inna a kunne na bar shi ban sani ba. Wuta ta dawo ƙarfe 2 na dare, fitila ta haske tsohuwa tana barci. Yanzu na ɗakin kwana duk a kashe suke tashi, na zaure da ƙofar gida a kunne. Akwatin wifi kuwa na mai da shi kan batirin pano mai aiki da rana, don in ya mutu duk sauran sun zama kurame. Kuma ban ƙara yarda da makunnin da ba a iya danna shi da hannu ba. Inna ba ta riƙe salula mai shafawa, ba kuma za ta fara yanzu ba.

Ita ce ma dalilin abu na biyu. Idonta ya yi rauni, ga ta da tashin dare don alwala. Daga ɗakinta zuwa makewayi akwai dakali da turmi da igiyar shanya. Na sa fitila mai jin motsi, mai volt 12, a kan batirin pano kai tsaye, don kada ta dogara da wutar gari. Irin wannan na'ura ɗumin jiki take gani yana wucewa. Ta fi kama wanda ya gitta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, shi ya sa na kafa ta a gefen hanya, sama da mita 2 kaɗan. Tana da 'yan maɓallai na murɗawa: ɗaya na tsawon lokacin da fitila za ta zauna a kunne, ɗaya na duhun da za ta fara aiki. Na ba Inna minti 3, don tafiyarta a hankali take.

Daren farko fitila ta kwana tana kunnuwa tana mutuwa. Ragon layya ne da ke ɗaure a gindin bedi. Na yanki ɗan salatif baƙi na rufe gefen idon da ke kallonsa, magana ta ƙare. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 bango ya kwana yana huci, sai na'urar ta yi nauyin ji, don ɗumin mutum da na bango sun kusa zama ɗaya. Sai na matso da ita kusa da ƙofar Inna. A duk abin da na kafa a gidan nan, wannan fitila kaɗai Inna ta sa mini albarka a kanta.

Ana nan sai Yaya ya kira daga Faransa. Ya ji labarin gida ya zama na zamani, ya ce zai aiko wa Inna abin da zai hutar da matan gida shara. Na ce, "Yaya, da ka bari." Ya ce ai ni ban san abin ba. Bayan wata biyu kwali ya iso ta Yamai. Na'urar shara ce mai tafiya da kanta, zagayayya kamar faifai. Su can sun saba da ita, tun 2002 aka fara sayar da Roomba a Amurka, yanzu kamfanoni da yawa na yin irinta. Da na ajiye ta a falo ta fara rarrafe, yara suka watse da ihu, Inna ta ɗage ƙafa ta ce a fitar mata da kunkurun nan. Sunan ya bi ta.

In don falo ne mai karo, wallahi tana aiki. Tana shiga ƙarƙashin kujera inda tsintsiya ba ta kai, in caji ya yi ƙasa ta koma mazauninta da kanta. Amma an yi ta ne don gidan da ƙura ke shigowa da sallama. Cikinta bai kai rabin lita ba. Da hunturu, in buji ya taso, kafin ta gama falo ta ƙoshi, matatarta ta toshe, sai na zazzage na kakkaɓe. Dokin ƙofarmu ya fi ƙarfinta, don abin da ya wuce kamar santimita 2 ba ta hawa. Gezar darduma ta naɗe mata a buroshi har sau biyu, ta haɗiye wayar caji, ta tura gefen tabarma ta dunƙule. Akwai wani baƙin kafet da take tsayawa cak a bakinsa, don idanun da ke ƙarƙashinta suna ɗaukar baƙi a matsayin rami. Tsakar gida kuwa, inda sharar gaske take, yashi ne, ba a ma fara ba. Kafin a sake ta sai an ɗauke tabarmi, an naɗe darduma, an tattara takalma da butoci. Maiɗakina ta ce, "Malam, in na gama wannan hidimar ai na yi rabin shara."

Duk da haka mun samo mata zama. Sau biyu a mako, bayan an yi shara da tsintsiya, a rufe tagogi a sake ta ta lashe ƙurar da ta rage. Mazauninta na kai ɗakin da ya fi sanyi, don batirin litiyam ba ya shiri da zafi, na kuma sa shi bayan regilatar saboda hawa da saukar wuta. Matatar ƙura da buroshi ba na samunsu a kasuwar Dole, sai mai zuwa Kano ko Yaya ya aiko. Wanda zai saya ya fara tambayar wannan kafin kuɗinta.

Da Yaya ya kira ta bidiyo ranar Juma'a, Inna ta sa aka kunna kunkuru a gabansa, ta yi ta yaba shi, ta ce duk unguwa ba mai irinsa. Da aka kashe waya ta ce in mai da shi ɗaki kada ya ci mata carbi.

A cikin masu zuwa kallon kunkurun nan ne wani Alhaji daga Zango ya tsaya ya daɗe yana duban flotar da kontaktar, bai ko kalli falo ba. Ya tambaye ni ko zan iya yin irin wannan a lambunsa da ke hanyar Mirya, inda yake da rijiya da pano goma sha biyu. Na ce zan iya, alhali ban taɓa taɓa injin rijiya ba. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.