Tantin kwana a bakin tekun Legas: saye, kafawa da ajiya

Yawancin tantunan da ke shigowa kasuwannin Legas an ɗinka su ne don ƙasashen sanyi, inda damuwar mai kwana a waje ita ce ya tsare ɗumi. Wanda zai kwana a Tarkwa Bay, ko Ilashe, ko gaɓar Badagry, abin da zai yi fama da shi daban ne: zafi mai danshi, ruwan sama mai zuwa da iska, gishirin teku, da yashi. Sauro kuwa ba sai an faɗa ba. Da waɗannan za ka auna kowane tanti kafin ka ciro kuɗi.

Nemi tanti mai riga biyu: ta ciki mai raga kamar gidan sauro, da ta waje wadda ke tare ruwa. Mai riga ɗaya, irin wanda ake wurgawa ya buɗe da kansa, yana da daɗin kafawa, amma da asuba za ka tarar da bangonsa sharkaf ko da ba a yi ruwa ba. Numfashin masu barci ne da danshin iska ke taruwa a jikin yadin, su riƙa ɗigo maka a fuska. A mai riga biyu, tururin yana ratsa raga ya tsaya a rigar waje, ya gangara ƙasa. Raga mai yawa da ƙofa biyu masu kallon juna sun fi komai amfani a zafin watan Maris.

A jikin jakar za ka ga an rubuta 1500mm ko 3000mm. Wannan ma'aunin nauyin ruwan da yadin ke jurewa ne kafin ya fara yoyo. Mai 1500 zai ɗauki yayyafi da ruwa matsakaici. Ruwan Yuni da Yuli na Legas, wanda kan wuni yana zuba, yana buƙatar 3000 a rigar waje. Shimfiɗar ƙasa kuma ta kai 5000 in da hali, domin gwiwarka idan ta danna yadi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tana matso ruwa ciki. Gefen shimfiɗar ya ɗago sama kamar bakin roba, wajen santimita 10. Juya rigar waje ka duba ɗinkin: dole a ga siririyar leda an manna a kan kowane layi, don ta hudar allura ruwa ke fara shiga.

Masu sayen gwanjo a Katangua ko Yaba, a kula. Shafa cikin rigar waje da hannu, sannan ka sansana. Idan yana danƙo, ko yana ɓarewa kamar fatar maciji, ko yana wari mai tsami, to maganin hana ruwan da aka shafa masa ya lalace, zafi da danshi sun cinye shi. Bar shi ko da kyauta ne, araha ba ta ado. Kada ka biya sai an kafa shi a gabanka, ka ƙirga sanduna, ka ja kowane zif daga farko zuwa ƙarshe.

Lissafin "mutum 4" da ake rubutawa na mutanen da suka kwanta kafaɗa da kafaɗa ne, kowa da faɗin wajen santimita 55 zuwa 60, ba jaka ba kula. Rage mutum ɗaya, a zafin nan ma biyu. Tsayi ma abin dubawa ne. Ƙaramin tanti mai siffar ƙwarya bai cika wuce santimita 130 ba, ba za ka iya tsayuwar sallah a ciki ba. In kana son haka a lokacin ruwa, sai mai santimita 190 zuwa sama, amma ka sani dogon tanti ya fi kama iska.

Sanduna iri uku ne. Na fiba sun fi araha, kuma idan suka karye tsagewa suke yi su huda yadi. Na alminiyum sun fi sauƙin nauyi, lanƙwasa suke yi kafin su karye. Na ƙarfe suna da ƙarfi, sai dai iskar teku ba ta daɗewa ta sa musu tsatsa.

Wurin kafawa ya fi tantin kansa muhimmanci. Teku na cika ta janye sau biyu a rana, kuma cikarta ta fi yawa a tsayuwar wata da ranakun 14 da 15 ga watan Musulunci. Duba layin da ruwa ya bar ciyayi da robobi, ka matsa can bayansa sosai, kan tudu. Kada inuwar bishiyar kwakwa ta ruɗe ka, ƙwallo ɗaya in ya faɗo da dare ya isa. Guji kwari, nan ruwa ke kwanciya. Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, wato daga teku, don haka juya mata bayan tantin ko gefensa mafi gajarta, ƙofa ta kalli wani ɓangare.

Share wurin daga ƙaya, kwalba da ɓawon kwakwa. Shimfiɗa tamfol, amma ya gaza ƙasan tantin da kamar santimita 5 a kowane gefe. Wannan kuskure ne da mutane da yawa ke yi: tamfol da ya leƙo waje yana tare ruwan da ke gangarowa daga rufi ya tura shi ƙarƙashinka. Naɗe abin da ya yi saura ciki.

Rufe dukkan zif kafin ka kafa, in ba haka ba za ka ja yadin fiye da kima, ƙofa ta ƙi rufuwa. Fara kafa turakun ɓangaren iska. Haɗa sanduna gaɓa-gaɓa da hannu, kada ka karkaɗa su su haɗu da kansu, bakinsu ke tsagewa. Tura sanda ake yi cikin hannun yadin, wato dogon aljihun da aka ɗinka mata a jikin tanti, ba a ja, don ja yana raba gaɓoɓin a ciki. Turke yana shiga ƙasa a karkace, kansa yana kallon nesa da tanti, kamar digiri 45.

Ƴan siraran turakun da ke zuwa cikin jaka ba su da wani amfani a yashi. Ko dai ka nemi dogaye masu santimita 30 zuwa 40, ko ka yi dabara: cika ƙaramin buhu da yashi, ko ka samu guntun itace, ka ɗaura igiya a tsakiyarsa, ka binne shi a kwance cikin rami mai zurfin santimita 30, ka tattake. Ɗaure duk igiyoyin gefe ko da sama garau take, hadarin Legas ba ya sallama. Ka tabbata akwai tazarar tafin hannu tsakanin riga ta ciki da ta waje. Duk inda suka taɓa juna, nan ruwa zai ratso. Yadin nailan yana saki idan ya jiƙe, sai ka fita ka ƙara jan igiya. Foliyesta bai cika yin haka ba, kuma ya fi jure rana.

Gawayi, risho ko janareta ba sa shiga tanti, ba sa ma matsowa bakin ƙofa. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Maganin sauro na kunnawa ma a bar shi waje, garwashinsa yana huda shimfiɗa nan take. Na shafawa mai sinadarin DEET yana cin yadin roba, a wanke hannu kafin a taɓa bango.

Yawancin tantunan Legas ba a bakin teku suke mutuwa ba, a cikin jaka ne. Tanti da aka naɗe da danshi, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa fumfuna ta kama shi, kuma baƙin tabonta da warinta ba sa fita. In dole ta sa ka naɗe shi a jiƙe, shanya shi ranar da ka isa gida, a inuwa mai iska, har sai ɗinki da kusurwoyi sun bushe, don su ne ke riƙe ruwa. Wanki da ruwa zalla da soso mai laushi. Garin sabulu da injin wanki suna cire maganin hana ruwa. Ɗauraye sanduna da turaku da ruwan famfo don fitar da gishiri, ka goge su.

Zif yashi ne ke kashe shi. Goge haƙoransa da tsohon buroshin haƙori, ka ɗan goga kyandir. Idan ya fara buɗewa a bayan kan zif ɗin, kan ne ya saki: matse shi kaɗan-kaɗan da filaya, gefe ɗaya sannan ɗayan. Sandar da ta karye kuwa, guntun bututu mai tsayin santimita 12 da salatif za su riƙe ta har a dawo gida, don haka su zauna cikin jakar turaku.

Kada ka bar tanti a but ɗin mota, zafin ciki yana narkar da ledar ɗinki. Saka shi sako-sako cikin tsohuwar rigar filo ko buhun yadi, ka ɗora kan kabad nesa da bango mai danshi da ɓeraye. A tsakiyar damina, fito da shi sau ɗaya a wata ya sha iska, ko da ba ka da niyyar zuwa ko'ina.