Ranar da na kashe ma'aikatan lambuna da hannuna

Ƙannena masu sha'awar lambu, ku saurari abin da ya faru da ni, don kada ku maimaita shi.

A gidan noman gero da dawa na tashi. Su waɗannan iska ce ke yi musu barbara, saboda haka ban taɓa ganin babanmu ya damu da ƙudan zuma a gona ba, sai dai in za a cire zuma daga amya. Da na samu fili a bayan gida na shuka kabewa da kankana, sai na ɗauka duk tsiro haka yake.

Ƙarshen Satumba ne, ruwa ya fara janyewa, kaka ta kunno kai. Kabewata ta yi yaɗo ta rufe ƙasa, furanni rawaya ko'ina. Da asuba in ka shiga, kurin ƙudan zuma kawai kake ji, ga galla, ga malam-buɗe-littafi. Amma ni idona yana kan wasu jajayen ƙwari da ke huda ganye. Na sayo maganin ƙwari mai ƙarfi irin wanda ake fesa wa wake, na goya famfo da misalin ƙarfe bakwai na safe, na bi kowane fure na jiƙe shi.

Washegari lambun ya yi tsit. Na tsugunna na ga gawar ƙudan zuma a cikin furanni, wasu a ƙasa suna jan ƙafa. Har yau in na tuna zuciyata ba ta daɗi.

Bayan mako guda 'ya'yan kabewar da suka fara ƙullawa suka riƙa yin rawaya suna zubewa, ba su kai girman ƙwan kaza ba. Na zargi iri, na zargi taki. Wani dattijo maƙwabcinmu mai kiwon zuma ne ya zo ya tsinko fure biyu ya ce, "Ɗana, duba nan." Ɗaya yana kan siririn kara, shi ne namiji. Ɗayan kuma da ɗan ƙullutu a gindinsa, ita ce mace. Ya ce in ƙwaro bai kwaso garin namijin ya kai wa macen ba, wannan ƙullutun ba zai taɓa zama kabewa ba. Kuma zuwa ɗaya ba ya wadatarwa, sai an yi ta kai-komo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, furen kabewa da safe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. 'Yan sa'o'in nan su ne duk damarsa, su ne kuma na zaɓa na yi feshi a cikinsu. Ga wani kuskuren: na sha tsinke furannin maza ina zubarwa, wai ba sa 'ya'ya, suna cinye ƙarfin yaɗo.

Yanzu in shuka tana fure, nakan yi haƙuri da 'yan ramukan ganye. In ɓarna ta yi yawa har feshi ya zama dole, sai gab da magariba, lokacin da furanni suka rufe, ƙudan zuma suka koma gida, kuma nakan fara da ruwan darbejiya. Ku sanar da mai amya na kusa da ku kafin ku fesa, haƙƙin maƙwabtaka ne. Ku bar layin riɗi ko yakuwa a gefen lambu, ku aje kasko da ruwa da 'yan tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka idan rani ya matso.

A waccan shekarar, sauran furannin da hannu na yi musu barbara: in tsinko namiji bayan sallar asuba, in fige ganyen furen, in goga a tsakiyar macen. Kwana goma ina wannan aiki kafin na sake jin kuri a lambun.