Ganyen Kaka a Kan Raga

Shekarar farko da muka sauka a jihar Mishigan ta Amurka, wata safiya cikin Oktoba na ɗaga labule na ga itatuwan layinmu kamar an cinna musu wuta. Ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, duk a jikin itace guda. A wurinmu idan aka ce kaka, abin da ke faɗo wa mutum a rai dammunan gero ne jingine da rumbu, da sabuwar gyaɗa, da kabewa ta yi arha a kasuwa. A nan kuwa kaka launi ce. Idan rana ta fara gajarta, sanyi ya fara shigowa, sai ganye ya daina yin sinadarin da ke ba shi kore, rawayar da ke ɓoye a ciki tun damina ta fito fili. Itacen mapul, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, shi har sabon ja yake ƙarawa. Mako biyu zuwa uku ake wannan kallo, iska ta zo ta kakkaɓe komai.

Maƙwabciyata dattijuwa ce da ta haura saba'in, tsohuwar malamar makaranta. Da zarar Satumba ta raba, sai ta kwashe matasan da ke kan kujerun falonta ta fito da na kaka, ta sauya 'yan hotunan bango, ta shimfiɗa wani dogon ƙyalle a tsakiyar teburin cin abinci. Haka za su zauna har a yi bikin godiya na Alhamis ta huɗu a Nuwamba, sannan ta naɗe su sai baɗi. Dukkansu da hannunta ta ɗinka su. Ranar da na ɗauki ɗaya na shafa, na ji kaurinsa kamar darduma, sai Gwaggona ta faɗo mini a rai. A cikin birnin Zariya take, ta fi shekara 30 tana ɗinkin hula. Ina yarinya ta sha zaunar da ni a gefenta, amma makaranta ta ɗauke ni kafin hannuna ya faɗa, kuma har yau abin na yi mini ciwo. A ranar na roƙi dattijuwar ta koya mini.

Mutanen nan suna ce wa wannan ɗinki nidilfoyin, ni kuwa ɗinkin raga nake kiransa, don a kan raga ake yin sa. Zaren auduga ne mai ƙarfi aka saƙa da 'yan ramuka a tsakani, aka sa masa sitaci ya yi tauri. Ana auna ta da yawan zaren da ke cikin inci guda: akwai mai 10, mai 13, mai 14, mai 18. Wadda na fara da ita ta kamfanin Zweigart ce na Jamus, ana gane ta da wani zare ruwan lemo da ke bin bakinta. Allurar ba ta da tsini, don aikinta ta bi ta rami, ba ta huda zare ba. Hanya biyu ake bi. Ko dai ki sayi raga da aka riga aka yi wa fenti ki bi launi, wannan tana da tsada sosai domin da hannu ake zana ta, ko kuma ki sayi fara, ki ɗauki takardar zane mai gida-gida ki yi ta ƙirga. Na zaɓi ƙirga. Aljihu ne ya fara zaɓa mini, daga baya zuciya ta bi.

Abu na farko da na ɗinka ganyen mapul ne guda ɗaya, inci 5 tsawo inci 5 faɗi, a kan raga mai 18. Ƙarami ne a ido, amma 90 sau 90 ɗinki 8,100 ke nan. Na yi amfani da allura lamba 22 da murɗaɗɗen zaren kamfanin DMC lamba 5. Ɗinkin kansa ba wuya: ki fito ta rami, ki haye mahaɗar zare guda a karkace, ki shiga ramin gaba. Na riƙa bin layi daga dama zuwa hagu, in juya ragar, in dawo. Kuma a hannu nake riƙe ta, ban ɗaure ta a katako ba, don ina so in riƙa cusa ta a jaka.

Bayan mako biyar na gama, na shimfiɗa a tebur, sai na ga murabba'in ya kwanta gefe guda kamar bukkar da iska ta tura. Na kira Gwaggo ta bidiyo a WhatsApp.

"Gwaggo, kin ga abin da na yi, amma ya karkace."

"Juya mini bayansa, 'yar nan."

Na juya. Ta ɗan yi shiru tana kallo, sannan ta ce, "Ai ga shi nan. Duk zaren bayan gefe ɗaya yake ja. Dubu nawa kika ce? To kowanne ya ja kaɗan, ina kike so ƙyallen ya tsaya?"

Ba ta taɓa ganin wannan raga ba a rayuwarta, amma abin da ta faɗa shi ne dattijuwar ta maimaita mini washegari, ta kuma nuna mini maganinsa. Akwai wata hanya da ake kira saƙar kwando. A fuska ɗinkin iri ɗaya ne, ba mai bambanta su. Sai dai maimakon bin layi a miƙe, a karkace ake tafiya, a gangaro a hau, a gangaro a hau. Zaren baya sai ya riƙa sauyawa, wannan layi a tsaye, na gaba a kwance, su sarƙe da juna kamar kwando, jan ya raba kansa biyu. Har ragar ma tana faɗa miki inda za ki nufa. Idan kika duba mahaɗar da za ki rufe, kika ga zaren tsaye ne a sama, gangarowa za ki yi. In na kwance ne a sama, hawa za ki yi. Wannan ƙa'ida ta fi ƙarfin ado, domin idan kika ajiye aiki kika dawo kika yi layi biyu a jere suna fuskantar wuri ɗaya, wani siririn tabo zai fito a fuskar ɗinkin, kuma ba ya ɓacewa. Saƙar kwando ta fi cin zare, amma tun daga ranar ban sake cike bango, wato filin da ke kewaye da hoton, da wata hanya ba. Na kuma sayi katakai huɗu masu shiga juna, na kafe ragar a kai da ƙananan ƙusoshi ta yi tam kamar fatar ganga.

Shi ganyen kuwa, na yi niyyar in miƙar da shi. Ana yayyafa wa aiki ruwa, a kifa shi a kan allo, a ja kusurwoyinsa su daidaita, a kafe da ƙusoshin da ba sa tsatsa, a bar shi ya bushe kwana biyu. A nan na yi asarar da ta fi ta farko. Tun farko da wani alƙalami na zana iyakar aikin a kan raga, ban gwada ko yana zuba ba. Ruwa na taɓa shi, shuɗi ya tsattsafo cikin farin zaren bango. Mako biyar. Na zauna na yi kuka sosai. Yanzu ba na sa alƙalami a raga ko kaɗan, da zaren ɗinki na kaya nake jan iyaka, in na gama in zare shi. Duk jan zaren da aka rina da hannu kuma sai na jiƙa guntunsa na matse a farin ƙyalle tukuna.

Kaka ta biyu na shiga aikin da ya fi kama zuciyata, wato Barjello. Sunan wani tsohon gini ne a birnin Fulorans na Italiya wanda yanzu gidan tarihi ne, inda ake ajiye da wasu kujeru masu irin wannan ɗinki. Shi wannan ɗinki ba hoto a cikinsa. Ɗinki ne a tsaye, kowanne ya haye zare huɗu, na kusa da shi ya ɗaga sama da zare biyu, a yi ta hawa har a kai ƙololuwa sannan a gangaro. Layi na biyu ya bi sawun na farko da wani launi, na uku ya bi na biyu, har abin ya fito kamar harshen wuta. Na ga babu abin da ya dace da itatuwan layinmu kamarsa. Na yanke shawarar yin matashin kujera inci 12 kowane gefe, a raga mai 13, na bar inci biyu-biyu a gefuna don kafewa.

Duk nauyin Barjello a kan layin farko yake. Na naɗe ragar gida huɗu na gano tsakiya, na fara daga nan zuwa dama, na dawo tsakiya na nufi hagu. Sai da na kai layi na bakwai na lura ƙololuwar hagu ta fi ta dama tsawo. Na bi da allura ina ƙirgawa har na gano wurin: a layin farko, ɗinki ɗaya ya haye zare biyar maimakon huɗu, kuma duk layuka shida da suka biyo baya sun ɗauki kuskuren da aminci. Dalilin shi ne ramuka nake ƙirgawa, wani lokaci in haɗa da ramin da na fito, wani lokaci in manta. Zare ake ƙirgawa, ba rami ba. Rami yana ruɗi, zare kuwa ko kin haye shi ko ba ki haye ba. Dattijuwar ta ce in bar shi, ba wanda zai gani daga nesa. Na kwana biyu ina jujjuya maganar, na ga ni dai zan gani duk lokacin da na shiga falo. Na kwance rabin hagu gaba ɗaya, na zubar da ulun da na zare don ya riga ya yi gashi. Yanzu idan na gama layin farko sai na ƙirga shi sau biyu, daga dama da kuma daga hagu, kafin in taɓa launi na biyu.

Ɗinkin tsaye ba ya rufe raga kamar na karkace. Ulun da na samu mai sili uku ne. Sili biyu sun ishi saƙar kwando a raga mai 13, amma Barjello sai da ukun duka, kuma sai an kwantar da su gefe da gefe ba tare da sun murɗe ba. Da wata ƙatuwar allura nake tare su a hannun hagu suna sauka. Ragar ma ruwan ƙasa na saya a wannan karon, don ko ta leƙo ta tsakanin ulu ba za ta yi fari fat ba. Tsawon zare kada ya wuce daga yatsu zuwa gwiwar hannu, wajen inci 18, domin kowane wucewa ta rami yana cin jikinsa.

Inda na fi daɗewa shi ne zaɓen launi. Da farko na sayo abin da kowa ke saye da sunan kaka, ruwan lemo mai haske da rawaya da ja, na jera su na ga kamar takardar alewa. Sai na fita na tsinto ganye cike da leda na baje a kan farin zani kusa da taga. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Mai hasken kaɗan ne a jikin ganye. Mafi yawansa ruwan makuba ne da ruwan hanta da ruwan zuma, ga kuma wani kore mai duhu da ya ƙi barin jijiyoyi. Su ne ke sa ɗan jan ya yi ƙyalli. Na koma shago da ganyen a hannu ina kara su da ulu. Launi bakwai na tsayar, biyu kawai masu haske, kuma layi ɗai-ɗai na ba su a kowane zagaye. Da rana nake wannan zaɓe, don fitilar shago tana mayar da ruwan hanta baƙi. Ɗinkin launuka masu duhu ma tsakanin azahar da la'asar nake yi, domin da an mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin farko ta Nuwamba, kamar yadda ake yi a nan duk shekara, biyar na wucewa kaɗan magariba ta yi. Idan dole sai da dare, ina shimfiɗa farin ƙyalle a cinya don ramukan su fito.

Zane-zanen kaka da ake sayarwa a nan, da yawa na bikin ƙarshen Oktoba ne, mayu da ƙwarangwal da baƙaƙen kyanwoyi. Waɗannan ba su shiga gidana. Ganye da masara da kabewa sun ishe ni. Kabewar ma da suke jerawa a ƙofar gida don ado, ni miyar taushe nake gani a cikinta, shi ya sa da na ɗinka ƙananan guda huɗu don ɗora kofin shayi, na yi su da dabbare-dabbaren kore irin tamu ta gida.

Matashin ya ɗauke ni har tsakiyar Nuwamba, kwana goma kawai ya yi a kan kujera aka shiga hunturu. Na naɗe shi a tsohon zanin auduga, ba a leda ba, don ulu na son iska, na sa a saman kabad inda rana ba ta kaiwa. Daga nan na gane aikin kaka tun bazara ake fara shi.

Na bana na fara tun Afrilu, kuma ni na zana shi da kaina a takarda mai gida-gida: zangarniyar dawa uku, don dogon ƙyallen tebur. Ƙwayoyin da ƙulli nake yin su, zare ya zagaye allura sau ɗaya ya koma ta ramin kusa, har na fi ƙulli ɗari uku a zangarniyar farko. Da na nuna wa Gwaggo ta ce kan ya miƙe da yawa, dawar da ta nuna nauyi ke rinjayar ta. Na goge zanen sauran biyun na sunkuyar da su. Ta kuma ce in nemi ja irin na karan dafi don gindin ganye. Shago uku na shiga ban samu ba, sai na haɗa sili ɗaya na ruwan hanta da ɗaya na ja a allura guda, kuma ya yi kusa ƙwarai. Saura zangarniya ɗaya da rabi, ga ganyen layinmu ko fara juyawa bai yi ba.