Kyamarar da ta zo daga Osaka ba ta jin Turanci

Shekara tara ina ɗaukar hoto da bidiyon biki a Kano, kuma tsohuwar kyamarata ta soma nuna gajiya ne daidai lokacin da bukukuwa suka kankama bayan Babbar Sallar 2024. Sai in danna ta yi jim kamar mai tunani, kafin ta ɗauka amarya ta kau da kai. Na je shagon wani Alhaji da muka saba, na tambayi wadda nake so, ta hannu mai tsabta. Da ya faɗi kuɗin sai na ce, "Alhaji, fili zan saya ko kyamara?" Bai ji haushi ba. Ya ce, "Malam, ni ma da dala na sayo. Leƙa kasuwar canji ta Wapa ka ji yadda dala ta tashi yau, ka dawo mu yi magana."

Ban leƙa Wapa ba, intanet na shiga. A lokacin kuɗin Japan ya faɗi warwas, dala ɗaya ta kai yen 160, abin da aka yi sama da shekara talatin ba a gani ba. Canon, Nikon, Sony da Fujifilm duk kamfanonin can ne, kuma shagunan kayan hannu na Japan suna bayyana ko ɗan ƙwarzanen da ke jikin kaya. Ga shi ɗan yayata yana karatu a Osaka. Da na juya farashin zuwa naira sai na ga ragin kusan kashi ɗaya cikin uku a kan na Alhaji. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Na yi kwana biyu ina kwatanta farashin ƙasashe, kuma a nan na gano cewa lambar da ake rubutawa ba abu ɗaya take nufi ko'ina ba. A Amurka ba a saka haraji a farashin da ka gani, sai wajen biya ake ɗorawa, kuma kowace jiha da nata: a birnin New York kashi 8.875 cikin ɗari ne, a jihar Oregon babu ko sisi. A Ingila kashi 20 yana cikin farashin tun farko, kuma tun Janairun 2021 suka daina mayar wa baƙo harajinsa idan zai fita da kaya a jakarsa. Harajin Jamus kashi 19 ne, na Japan 10, na Dubai 5. Ka ga ke nan wanda ya ajiye farashin Amurka kusa da na Landan ya ce Turawan Ingila ana cutarsu, rabin magana ya gani. Ƙari a kan haka, dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kaya na shekara biyu, alhali garantin da aka saba bayarwa a Amurka na shekara ɗaya ne, kuma wannan shekarar ta biyu ba kyauta ba ce, tana cikin kuɗin.

Har wani tsohon takaicina na samo asalinsa. Tsohuwar kyamarata ba ta wuce minti 29 da daƙiƙa 59 tana bidiyo, ta sha yanke mini nasihar malami a wajen walima. Ashe ba zafi take yi ba kamar yadda na zata. A da, Turai tana ɗaukar duk wadda ta kai minti 30 a matsayin na'urar bidiyo, ta ɗora mata kuɗin fito, sai kamfanoni suka datse ta saura daƙiƙa ɗaya. An soke wannan kuɗin a 2019, amma mu masu tsoffin kaya muna nan muna biyan bashin dokar da ba tamu ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne namu harajin na VAT kashi 7.5 ne kacal tun Fabrairun 2020, to me ya sa kayan ya fi tsada a nan? Sai na yanke hukuncin cewa Alhaji ne yake zabga riba. Na kira ɗan yayata na Osaka na ce ya je ya gano mini kyamarar.

Ya je, ya turo hotuna, kyamara fes. Sai ya ce, "Kawu, akwai fa harajin kashi goma." Na ce ba ana yafe wa baƙi ba? Ya ce ai shi ba baƙo ba ne, mazauni ne, rangwamen na masu ziyara ne da ba su kai wata shida a ƙasar ba. Kashi goma ya tafi. Katin naira kuwa a lokacin ba ya biyan komai a waje, dole na bi ta hannun ɗan canji, shi ma ya cire nasa. Kamfanin aika kaya ya ƙi karɓar batiran ƙari guda biyu da na sa aka saya, saboda ƙa'idar jiragen sama a kan batir ɗin lithium da ba ya cikin na'ura. Suna can a ɗakin yaron har ya zo hutu. Na biya kuɗin aike da inshora, na biya kuɗin fito kafin a sakar mini kwalin. Cikin makonnin jira kuma na yi hayar kyamara sau biyu don kada biki ya kuɓuce mini. Da na zauna da biro na haɗa komai, ragin nan na kashi ɗaya cikin uku ya dawo wajen kashi ɗaya cikin goma.

Duk da haka na buɗe kwalin da bisimillah da murna. Na kunna ta, allo ya kawo, babu harafi ɗaya da na sani. Na ce ba komai, bari in nemo wurin canza harshe. Na yi awa guda da wayata a hannu, ina haska allon tana fassara mini layi-layi. Babu wurin. Wasu kamfanonin suna yin samfurin da za a sayar a cikin Japan da Jafananci zalla, kuma da gangan ne, don kada 'yan kasuwa su kwashi mai araha su kai inda aka sa mata farashi mafi tsada. Na kira yaron, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Kawu ban lura ba, ni na saba karantawa." Laifin nawa ne, ban ce ya duba ba, don ban san ana dubawa ba.

Matsala ta biyu ta fi zafi, don a bainar jama'a ta same ni. Wajen dinar farko da na kai ta, ina bidiyon shigowar amarya, sai na ga wasu baƙaƙen zane-zane suna gangarawa a kan fuskarta kamar inuwar labule. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ita kuwa an ɗaure bidiyonta a kan tsarin 60, kuma wannan samfurin ba shi da maɓallin sauyawa. Fitilun zauren suna ƙiftawa da nasu lissafin, ita tana ƙiftawa da nata. Allah ya taimake ni na tuna maganar wani tsohon maigidana, na mayar da saurin ƙiftawarta ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, zanen ya lafa. Amma shigowar amarya ta riga ta wuce, kuma ba a cewa amarya ta koma ta sake shigowa. Da hotuna na cike gurbin wajen haɗa bidiyon, uwar amarya kuma ta lura.

Bayan wata huɗu ramin katin ajiya ɗaya ya daina karantawa. Takardar garantin shagon tana nan, ta wata shida, amma a cikin Japan kawai take aiki. Kuɗin kai ta da dawo da ita ya fi gyaran. Na koma wajen Alhaji ina sunkuyar da kai, ya haɗa ni da mai gyara, bai ce mini ci kanka ba.

A wannan zaman ne ya warware mini lissafinsa. Kafin kyamara ta iso shagonsa ta bi ta hannu biyu ko uku, daga dillalin Dubai zuwa na Legas, kowa da ladansa, kuma shi guda uku ko huɗu yake ɗauka, ba kwantena ba. Sannan ga naira: a farkon Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ya ce, "Malam, in na sayar maka da dalar da na sayo, gobe da me zan sayo wata? Da dalar gobe nake sa kuɗi. Kuma in ta ba ka matsala cikin sati, nan za ka zo ka tsaya a kaina." Wannan tsayuwa a kan mutum ita ce ban saka a lissafina ba. Na tambaye shi nawa zai sayi tawa. Ya juya ta, ya kunna, ya kalli allon, ya miƙo mini abata. Ya ce ba shi da mai sayenta.

Ban daina sayayya daga can ba. Da yaron zai zo hutu na sa ya taho mini da madubin kyamara na hannu, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, mai milimita 85, a jakar hannunsa tare da batiran nan. Madubi ba ruwansa da harshe ko bugun wuta, ba kasafai yake lalacewa ba, kuma a nan ne na ga ragi na gaske. Jikin kyamara dai a gida zan sake saya, inda zan kunna da hannuna in duba harshe, in ga yawan hotunan da ta taɓa ɗauka.

Ita kuwa 'yar Osaka tana nan tana aiki. Na sayi ƙaramin littafi na zana alamomin da na fi bukata, kowace da ma'anarta da Hausa a gefe, yana cikin jakar kyamara. Yaron da nake koya wa aiki ya riga ni haddace su. Jiya ina lalubar wurin goge kati, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Oga, ba nan ba, wancan mai kama da tsani."