Tantance manyan manajoji don aiki a Ostireliya: yadda na bi ta daga Abuja

Hukumar shige da fice ta Ostireliya ba ta aiki da sunan muƙamin da ke rubuce a ƙofar ofishinka. Tana amfani da kundin sana'o'i da ake kira ANZSCO, kowace sana'a da lambarta mai alƙaluma shida, kowace lamba kuma da hukumar da ke tantance masu neman shiga da ita. Shugaban kamfani ko manajan darakta lambarsa 111111, janar manaja 111211, manajan tallace-tallace 131112, manajan kula da ma'aikata 132311, manajan samar da kaya da rarraba su 133611. Duk waɗannan Institute of Managers and Leaders ce ke duba su, wadda ake taƙaitawa IML. Manajan kuɗi ba nan zai je ba, ƙungiyoyin akantoci irin su CPA Australia ne ke duba shi, shugaban sashen kwamfuta kuma ACS, ƙungiyar masana kwamfuta ta Ostireliya. Ni katin aikina janar manaja ne a wani kamfanin rarraba kaya da ke Idu, amma da lamba 133611 na nema, kuma da gangan na yi haka.

Dalili shi ne lambar ce ke buɗe maka biza ko ta rufe. Lambobin nan biyu na ƙololuwa, shugaban kamfani da janar manaja, hanyarsu ita ce kamfanin can ya ɗauki nauyinka, wato biza 482 ta wucin gadi ko 186 ta zaman dindindin. Ba a shiga da su ta biza 189, wadda mutum ke nema da makin da ya tara na shekaru, karatu, ƙwarewa da Turanci ba tare da kowa ya tsaya masa ba. Mutum zai iya biyan kuɗi, ya sami kyakkyawan sakamako a matsayin manajan darakta, sannan ya tarar ba shi da ƙofar da zai kai takardar sai ya sami mai ɗaukarsa aiki. Lambobin shugabannin sassa kuwa suna iya shiga ta 190 ko 491, inda jiha ke zaɓenka, muddin jihar ta sa sana'ar cikin jerinta na wannan shekarar. Jerin nan yana sauyawa, don haka shafin ma'aikatar harkokin cikin gida ta Ostireliya da na jihar za ka fara dubawa kafin ka fitar da ko kwabo. Kuma kada ka zaɓi lamba don kawai tana da ƙofa. Sai aikinka na yau da kullum ya yi daidai da bayaninta. Nawa ya yi: sito-sito, motoci, odar kaya da kwangilar masu kawo kaya su ne suka cinye yinina.

Zuciyar tantancewar ita ce zanen tsarin shugabancin kamfani. Shi mai duba fayil ke fara buɗewa don ya ga wa ke samanka, su wa ke ƙarƙashinka kai tsaye, kuma su ma suna da mutane a ƙarƙashinsu ko a'a. A nan yawancinmu ke faɗuwa. A kamfanoninmu sai ka ga janar manaja wanda ke ƙarƙashinsa direba ne da sakatariya da akawu biyu, duk wata shawara kuwa sai Alhaji ya dawo daga tafiya. A wajen masu tantancewa wannan mai sa ido ne, ba babban manaja ba. Suna neman wanda manajoji ke kai wa rahoto, mai iko da kasafin kuɗi, mai ɗauka da sallama, mai hannu a tsara alƙiblar kamfani. Zanen da na bayar yana kan takarda mai tambarin kamfani, kowane akwati da sunan muƙami, a ƙasan kowane manaja an rubuta yawan ma'aikatansa, manajan darakta ya sa hannu da kwanan wata. Na yi zane dabam ga kowane muƙami da na riƙe, domin tsarin kamfanin a shekarar da na zama mataimaki ba shi ne na yau ba. Na haɗa da bayanin aikin kowane manaja da ke ƙarƙashina, saboda da shi ake gane cewa manajan sito manaja ne da gaske, ba mai riƙe makulli ba.

Sai wasiƙar shaidar aiki. Irin wadda muka saba, mai cewa wane mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, ba ta da amfani a nan ko kaɗan. Ana son ranar fara aiki da ranar barinsa, awoyin aiki a mako, albashi, da ayyukan da kake yi dalla-dalla, tare da suna da muƙami da lambar waya da imel na ofis na wanda ya sa hannu. Kada ka kwafi bayanin ANZSCO ka liƙa. Masu dubawa sun haddace shi, suna ganinsa za su fara zargin sauran fayil ɗin. Rubuta abin da kake yi da harshen kamfaninku: girman kasafin da kake riƙewa, iyakar kuɗin da za ka iya amincewa da shi ba tare da komawa ga daraktoci ba, taron da kake shugabanta. Ka kuma sanar da wanda ya sa hannu cewa za a iya kiransa. Idan an kira ya ce bai tuna ba, ko lambar ta mutu, aikin ya lalace.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne shaidar albashi, kuma nan ne yanayin aikinmu ke cutar da mu. Takardu huɗu nake so ka jera a kan tebur: takardar albashi ta wata-wata, bayanin asusun banki, shaidar biyan haraji daga hukumar harajin Abuja, FCT-IRS, da bayanin asusun fansho daga kamfanin da ke riƙe maka shi. Ka ɗauki wata ɗaya ka bi shi a duka huɗun. Adadin da takardar albashi ta ce ya rage bayan cire-cire, shi ne ya kamata ya shiga banki, kuma daga asusun kamfani, da sunan kamfani a jikin layin. Kamfanoni da yawa suna rubuta ƙaramin albashi a takarda, su biya sauran a matsayin alawus daga asusun maigida na kansa ko a hannu. Ga mai dubawa, kuɗin da ya fito daga asusun wani mutum ba albashi ba ne. Idan haka ake biyanka, ka je wajen akanta tun yanzu a mai da komai ta asusun kamfani, a riƙa cire haraji da fansho yadda doka ta ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watannin da suka wuce ba a sake rubuta su. Mai kamfanin kansa nauyinsa ya fi haka: takardun rajistar CAC, lissafin shekara da mai binciken kuɗi na waje ya sa wa hannu, harajin kamfani, da wasiƙa daga akanta ko lauyan kamfani, domin wasiƙar da ƙaninka ya sa wa hannu ba ta tsayawa ita kaɗai.

Batun suna kuma ya shafe mu sosai. Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, sunan gari a takardar makaranta, sunan kaka a ta banki. Ka yi takardar rantsuwa a babbar kotu wadda ta jero duk rubuce-rubucen ta ce mutum ɗaya ne, ka saka ta a farkon fayil. Takardar sakamakon jami'a ma ka nema da wuri, ita ce ke jinkiri a hannun da ba naka ba.

Idan sakamako ya fito, yana aiki shekara 3 ne sai in an rubuta ƙasa da haka, kuma ya kamata ya kasance da rai ranar da hukumar ta gayyace ka ka shigar da buƙatar biza. Daga nan lissafin maki ya fara, kuma manya su ne ya fi matsa wa. Mafi ƙarancin maki 65 ne. Mai shekara 33 zuwa 39 yana da 25, mai 40 zuwa 44 yana da 15 kacal, wanda ya cika 45 kafin gayyata kuwa ya fita daga tsarin gaba ɗaya. Digiri na farko 15, digiri na biyu ma 15 ɗin ne, don haka MBA ba ta ƙara komai, sai digirin digirgir ke kai 20. Aikin da ka yi a wajen Ostireliya cikin shekara 10 na baya: shekara 3 maki 5, shekara 5 maki 10, shekara 8 maki 15. Amma shekarun da ka yi a matakin sana'ar da ka zaɓa ake ƙirgawa, ba duk shekarun da ka yi a kamfani ba. Ga yadda nawa ya tsaya: shekarun haihuwa maki 15, digiri 15, ƙwarewa 15, wato 45. Zaɓen jiha a 190 yana ƙara 5, a 491 yana ƙara 15, sai dai 491 ta shekara 5 ce kuma sai ka zauna a yankunan da aka ware, ban da Sidni da Melbon da Birisben.

Kun ga ke nan Turanci ne ke raba gardama. A jarrabawar Turanci ta IELTS, 6 a kowane ɓangare huɗu yana ba ka damar nema amma maki sifili, 7 yana ba da 10, 8 yana ba da 20. Fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa jarrabawar, ko da da Turanci ka yi karatu tun firamare. Kuma kowane ɓangare ake dubawa, ba jimla ba: 8 uku da 6.5 ɗaya a rubutu ya mai da kai sifili. Rubutu ne ke kayar da manajoji, saboda mun saba da dogon salon wasiƙar ofis, ga shi an daɗe wani ke buga mana. Ka zauna da agogo ka riƙa rubuta muƙala cikin minti 40 har hannunka ya saba. Idan uwargida ta ci 6 a kowane ɓangare, wannan ma maki 5 ne, kuma ga mai shekara 40 da ɗoriya, maki biyar ɗin nan na iya zama ita ce ta cike 65. Cike 65 kuwa damar shiga layi ce kawai a SkillSelect, shafin gwamnati da ake shigar da sha'awar neman biza, inda buƙatarka ke zama har shekara 2, jihohi na zaɓen waɗanda suka ga dama.

Ga yayyenmu da suka haura 45, maganar maki ta ƙare, amma 482 ba ta da iyakar shekaru. Tun 7 ga Disamba 2024 aka sake mata fasali, kuma tana da sashe na masu babban albashi da aka fara da dalar Ostireliya 135,000 a shekara, adadin da ake ɗagawa duk Yuli. Wanda ke aiki da kamfanin da ke da reshe can, ta nan ya fi dacewa ya nema. Bizar masu zuba jari ta 188 da wasu ke ta ambata an rufe ta tun Yulin 2024, duk wanda ya ce zai sama maka ita ka riƙe kuɗinka.

Bayan gayyata kwana 60 gare ka ka shigar da cikakkiyar buƙata, kuma kowane maki da ka yi iƙirari sai ka nuna takardarsa. Ana buƙatar shaidar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 ko fiye cikin shekara 10 na baya, saboda haka wanda ya yi aiki a Dubai ko Ingila ya fara neman tasu da wuri. Gwajin lafiya sai wajen likitan da suka amince da shi, kuma ya haɗa da iyalin da ke cikin buƙatar. Ina roƙonka kada ka bari kowa ya gyara maka kwanan wata ko ya ƙara akwati a zane. Ƙa'idarsu ta 4020 tana hana biza shekara 3 ga wanda ya ba da takardar bogi ko bayanin ƙarya, shekara 10 idan batun asalin mutum ne, kuma ba a karɓar uzurin cewa wakili ne ya yi. Idan za ka ɗauki wakili, ka karɓi lambar rajistarsa ta MARN, ka duba ta da kanka a rajistar OMARA, ofishin da ke yi wa wakilan biza rajista, kuma ka karanta kowace takarda kafin a tura ta da sunanka.