Yadda na sayi gida a Kano

Kuɗin da na daɗe ina tarawa daga shagona na Kantin Kwari bai kai na gida a Nasarawa ko Bompai ba, saboda haka na karkata ga unguwannin bakin gari irin su Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Ɗanbare da Mariri. Dillalai sun zaga da ni sosai. Ba na ganin laifinsu, neman halaliyarsu suke, amma da zarar dillali ya karɓi la'adarsa, gyaran gida da duk rigimar da ta taso kai za a bar wa.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne maganar ruwa. Kano na da kududdufai masu yawa da aka haƙa tun da can ana ɗibar ƙasar gini, kuma wasu an cike su da shara an yi gidaje a kai. Da rani ba mai ganewa, musamman idan an yi sabon fenti. Kawuna, wanda tsohon magini ne, ya ce da ni, "Ɗana, kada ka ba da ko sisi sai ka ga gida a watan Agusta." Na ce, "To, Kawu." Wani gida da ya kwanta mini a rai, na koma washegarin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Lungun ya cika, kwatar ba ta da mafita, gindin bango a jiƙe har kusan gwiwa, fentin yana ɓarewa. Wata dattijuwa a maƙwabta ta gaya mini haka suke fama kowace damina. Tun daga nan, duk gidan da aka nuna mini sai na zauna da mutanen layin bayan sallar la'asar, in tambayi yadda wuta take, ko rijiya na ƙafewa da bazara, da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka.

Sai takardu. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, shi ya sa takardar shaidar mallaka ke da nauyi. Gidan awon gwamnati ya fi tsada, amma titi a fili yake, kuma za ka iya zuwa KANGIS, hukumar jihar Kano mai ajiye bayanan filaye, a duba maka ko sunan mai sayarwa ne a fayil. Awon igiya, wato filayen da masu su suka yanka da kansu ba bisa tsarin gwamnati ba, ya fi sauƙin kuɗi, sai dai wani lungun ko adaidaita sahu ba ya shiga, balle motar asibiti. Ni ina da mahaifiya mai shekaru a hannuna, wannan kaɗai ya raba mini gardama.

Gidan da na saya na gado ne, ɗaki uku da falo da tsakar gida mai faɗi. Na tsaya a kan sai na ga takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji, har matan da ke aure a wasu garuruwa, ya sa hannu. Babban wansu ya ɗan ji haushi, amma daga baya shi ya tattaro su. Na biya ta banki a gaban lauya, mai unguwa da shaidu, kuma yanzu ina bin maganar sauya sunan da ke kan takardar zuwa nawa.