Wasiƙa daga Liyon zuwa ga masu sha'awar moto a Maradi

Assalamu alaikum ƴan'uwana mutanen Maradi, manya da ƙanana. Ina gaishe ku daga Liyon ta ƙasar Faransa, da fatan iyali suna lafiya, kasuwa kuma tana albarka.

Ƙannena da yawa suna kirana a waya da tambaya iri ɗaya: "Yaya, na tara kuɗi ina son moto na hannu, ba don kabu-kabu ba, don in riƙa shan iska ranar Lahadi. Wanne zan saya?" Na ga gara in amsa muku gaba ɗaya, domin abin yana raina. Tun ina yaro a Bagalam nake tsayawa bakin garejin makanikai ina kallon yadda ake kwance inji, har yau kuma ƙarar babur mai lafiya tana sanyaya mini zuciya.

Ku fara riƙe wannan. Ɗan kabu-kabu babur ɗinsa ne ke ciyar da shi, kai mai sha'awa kai za ka ciyar da naka. Duk dalar da ya ci daga aljihun cefane take fitowa. Saboda haka in jika 450 ke hannunka, kada ka taya abin da ya wuce jika 300. Sauran 150 na babur ɗin ne tun kafin ka gan shi: takardu, asirans, la'adar dillali, hular kwano, juyen baƙin mai da sabon buji a ranar farko, wataƙila taya da kaca. Na ga wanda ya zube kuɗinsa kaf wurin saye, bayan sati uku moto na jingine a zaure an lulluɓe shi da tsohon zane, ana jiran albashi. Ba na so ku shiga wannan.

Na san idonku yana kan manyan injuna masu rugugi. A nan ma ba a barin sabon mahayi ya fara da su: lasisin A2, wato na mai farawa, ya tsaya a kan ƙarfin kilowat 35, sai ka shekara 2 a kansa kafin ka wuce gaba. A gida kuwa akwai dalilin da ya fi wannan. Babban babur in wani ƙaramin ƙarfe ya karye a cikinsa, sai an aika Kano ko Kwatano, ka yi wata kana jira. Haojue, Boxer, TVS, Kasea da sauran masu siisii (ma'aunin girman inji) 100 zuwa 150, kayansu na nan cikin gari, kuma kowane makanike daga Sabon Gari zuwa Ali Ɗan Sofo ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Ni a ganina mai farawa ya tsaya nan. Ba su da nauyi, kuma ranar da yashin hanyar ƙauye ya kayar da kai, kai kaɗai za ka ɗaga abinka.

Ranar dubawa ita ce komai. Ka je da sassafe, da makaniken da kai ka zaɓa, ba na mai sayarwa ba. Kafin a tayar, ɗora bayan hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. In ya tashi, tsuguna bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin yana shan baƙin mai, aikin ringi da fistan na jiranka. Duba haƙoran da kaca ke hawa: in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, sun gama. Shafa ƙafafun gaba ka ga ko mai na tsatsa. Leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan babur, in ka ga walda a ƙashinsa, ya taɓa cin babban haɗari, ka yi sallama ka tafi ko da araha. Kada agogon kilomita ya ruɗe ka, ana taɓa shi. Robar da ake taka ƙafa ta fi shi gaskiya, haka ma wurin zaman baya: in ya lotsa, babur ɗin ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja da buhun gero, kome sabon fentin da aka watsa masa.

Sai takardu, kuma nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Kafin in baro gida na sayi wani babur mai kyau a hannun wani mutum da ya ce takardar duwan tana wurin wansa, zai kawo mini. Na yarda, na biya. Bai kawo ba. A wani shingen bincike aka riƙe babur ɗin, kuma abin da na kashe kafin ya fito ya kusa rabin kuɗinsa. Muna bakin iyaka, babura suna shigowa ta Ɗan Isa da Jibiya, wasu da takarda, wasu babu, wasu ma na sata ne. Ka goge lambar shasi da tsumma, ka karanta ta harafi bayan harafi, ka gwada da wadda ke kan kart giriz. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu biyu. A Faransa tun 15 ga Afrilun 2024 aka wajabta kai babura binciken lafiya, a wurinmu kuwa idonka da na makanikenka su ne binciken.

Mai bai kai sauran nauyi ba, amma a sa shi a lissafi. A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Ƙaramin babur yana shan lita 2 zuwa 3 a kilomita 100, ke nan daga Maradi zuwa Tasawa da dawowa jika 3 da wani abu. Arhar man kwalba da muka saba ta tafi tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, kuma wanda ya sha layi a Maris na 2025 ya san mai na iya ɓacewa. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska, ka riƙa duba ta akai-akai, kaca ma tana son wanki da mai bayan kowace tafiya cikin yashi.

Don Allah, hular kwano mai kyau, ba ta roba mai kama da ƙwarya ba, kuma a ɗaure igiyarta. A nan har safar hannu doka ce tun 2016. In za ku nufi kudu, ku tambayi labarin hanya kafin ku fita, ku dawo da sauran rana.

In Allah ya kawo ni hutu, ina so mu tashi da hantsi mu nufi tafkin Madarumfa, mu ci kifi a bakin ruwa, mu yi la'asar a gida. Ku gaishe mini da iyaye da malamai.

Naku,
ɗan'uwanku a Liyon